Bijimin Gurji

Yaƙin da aka ce ya ƙare, ashe hutawa ya yi. Ana shirin shuka sojojin gwamnati da na 'yan adawa suka sake kaurewa a bakin kogi. Mutanen ƙauye suka faɗa fadama, ruwa iya wuya, har suka tsira kan wani tsibiri. Tukunya ɗaya tak ta haye, wadda wata mata, Nyadak, ta ɗauko a ka.

Nan fa ake yin ta. Mijin Nyadak ne ya kashe ɗan tsohuwa Nyabol a yaƙin baya, kuma ba a yi sulhu ba. Gidajen da jini ke tsakaninsu ba sa ci a mazubi ɗaya, wanda ya karya dokar mutuwa ce. Ga jikar tsohuwar kwance, yunwa ta cinye ta har kuka ya gagare ta.

Nyadak ta dafa kifi da saiwar bado ta kai a ƙwarya. Tsohuwa ta kau da kai.

"Iya, yarinyar nan fa tafiya za ta yi."

"Mijinki ya ɗauke uban, ke kuma 'yar kike so?"

Maganar ta yi wa Nyadak zafi, kamar ta kifar da romon. Sai ta daure ta nufi Thijok, dattijo mai yafa fatar damisa, wanda ke wanke jini tsakanin gidaje.

"Baba, yau za ka yi mana yanka."

"Da wane bijimin? Shanunmu suna tumbin sojoji."

"Kakanninmu in ba su da sa, naɗe hannu suke yi su mutu?"

Dattijo ya harare ta, sannan ya kutsa ciyawa ya tsinko gurjin daji. Ya tara gidajen biyu, ya shafa wa gurjin toka, ya kira shi baƙin bijimi mai farin goshi. Ya faɗa wa Ubangiji wanda aka kashe da wanda ya kashe, bai rage komai ba. Ya yi alkawarin bijimi na gaske ranar da bindiga ta yi shiru, ya tsaga gurjin da mashi.

Wani ya ce, "A ajiye min cinya." Mutane suka fashe da dariya, ban da Nyabol.

Ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Can ta karɓa ta fara kurɓa da kanta, don in mutuwar ce ta soma da ita. Ta jira, igwa na ta ruri daga nesa. Sannan ta tallafo kan jikarta, ta miƙa wa Nyadak ƙwaryar.

"Ke ba ta, 'yata. Hannuna rawa yake."