Man Tarwaɗa Mai Hoton Dakta

Dakta Sodangi mutumin Bodinga ne, malamin jami'a, ya yi shekaru yana duƙe a kan tarwaɗa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, in kifi ya ji rauni a guringuntsi sai wurin ya tofo, amma gwiwar ɗan Adam in ta cinye ta cinye ke nan. A 1982 ya gano kaɗan daga yadda jikin kifin ke yin haka, masana suka yaba. Wani ɗan jarida ya zo hira. Sodangi ya nanata masa cewa ba magani ya gano ba, tafiya ce mai nisa aka soma. Da hirar ta fito, abin da jama'a suka ji shi ne ɗan Bodinga ya gano maganin sanyin ƙashi a jikin tarwaɗa.

Lokacin kuwa an shiga tsuke bakin aljihu. Asibiti babu ko ƙwayar rage zogi, kemis kuma kanta wayam.

Bayan kaka ya je gaida gida, aka ce masa goggonsa Balaraba na kwance a Shagari, ƙafa ta matsa mata. Ita ta yaye shi, don haka ko zama bai yi ba ya juya mota.

Tun daga zaure wari ya tare shi. Ƙarnin kifi ya saba da shi, a cikinsa yake wuni. Wannan ɗoyi ne na abin da ya ruɓe sannan aka dafa. Ya tarar da Goggo a tabarma, gwiwa naɗe da tsumma, ƙudaje sun yi mata baƙi.

"Sodangi, kai na?" in ji ta. "Allah shi yi maka albarka. Maganinka nika shahwawa."

"Wane magani, Goggo?"

"Wanda kag gano mana. Altine yak kawo. Wanzami yat tsattsaga, munka cusa. Ya ce zahin nan shi na aikin."

Altine ɗanta ne, taubashin Sodangi. Sodangi ya durƙusa ya warware tsumman a hankali. Gwiwar ta kumbura tana sheƙi, kowace tsaga ta buɗe baki, mugunya na tsatsowa haɗe da wani baƙin maiƙo. A gefen tabarma ga kwalba. An manna mata hotonsa da aka yanko daga jarida, yana murmushi.

Ya bi warin zuwa bayan gida. Ga Altine tsaye kan rabin duro yana juyawa da muciya. Kawuna da hanjin kifi ne, irin wanda masu sayarwa ke zubarwa in kasuwa ta watse, an kwara musu tsohon man suya. A kwandon da ke jiran layi tsutsa ce ke motsi. Kwalabe jere a rana, kowace da fuskarsa.

"A'a, ga mai kayan da kainai!" Altine ya ce yana dariya irin ta taubasai. "Zo ka sa albarka."

"Altine, mi na wanga?"

"Sana'a. Asibiti ba magani, mutane na kuka. Kai ka aje suna ba ka komi da shi, ni ko na sa shi aiki."

"Mahaihiyarka ta ag ga kwance, ƙahwa na ruɓewa!"

"Ai shi yas sa da ita nih hwara, don kowa shi san ba ha'inci."

Sodangi ya kau da kai daga duron. Ya dafa katanga ya yi ta sheƙa amai, Altine na ce masa sannu, bai daina juya duron ba.

Ranar ya ɗauki Goggo zuwa Sakkwato, tagogin mota a buɗe. Likitoci suka yanke naman da ya mutu, shi kuma ya bi abokai gida gida har ya haɗa alluran da ake bukata. Ƙafa ta tsira, amma ta sandare, ba ta ƙara lanƙwasuwa ba.

Ya nufi gidan rediyo ya roƙa a ƙaryata labarin. Aka karanta a gurguje, tsakanin sanarwar rasuwa da cigiyar jaki. Ya je kasuwar Dandin Mahe da kansa ya tsaya yana cewa kada a saya. Wani dattijo mai dogara sanda ya dube shi, ya dubi kwalbar hannunsa, ya ce, "Allah shi gafarta malam, Turawa kaka son sayar ma, shi yas sa kaka hana talaka." Jama'a suka gyaɗa kai. Da hakimi ya tsawata, Altine ya kwashe duronsa ya koma kasuwannin ƙauye, ciniki ya ma fi da.

Goggo Balaraba ta koma Shagari tana jan ƙafa. Duk wanda ya zo dubiya sai ta faɗa masa maganin ɗanta Sodangi ya kusa kama ta, likitoci ne suka yi gaggawar wankewa. Har a gabansa take faɗa, tana shafa masa kai. Ya yi bayani ya gaji, daga baya in ta fara sai dai ya sunkuyar da kai.