Baiti na Shida

Shekara goma sha ɗaya ina rubuta wasiƙar wata-wata ta ƙungiyar manoma, kuma a iya sanina mutum uku ne ke karanta ta: ni, da mai buga mana ita, da wani tsohon malamin makaranta da ke kirana duk wata don ya nuna mini inda muka saɓa. Sauran kwafi ɗari takwas kuwa na san inda suke ƙarewa. Na taɓa sayen ƙusoshi a kasuwa aka ƙunsa mini su a cikin sharhina kan makomar al'umma.

Hakan bai sa na rage tsawon rubutu ba. Ni mutum ne mai son a biyo ni a hankali. Nakan fara da yawan bakunan da za a ciyar nan da shekara talatin, in gangaro kan matasan da suka juya wa gona baya, in taɓo ruwan sama da ya daina cika alkawari, sai a sakin layi na ƙarshe in faɗi abin da manomi zai yi gobe da safe. Mai buga takardar ya gaji da yi mini magana.

"Malam, ka dai san aikinmu," yakan ce. "In rubutu ya fi shafi, daga ƙasa nake yankewa."

Don haka nake ƙirga kalmomina kafin in kai masa, har na ƙware. Bai taɓa samun abin da zai yanke ba, ni kuma ina alfahari da hakan.

Bara ne ƙungiya ta samo wasu sababbin buhunan ajiya masu leda biyu a ciki. Ka zuba masara, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, sai ƙwari su mutu a ciki don rashin numfashi, ba sai an zuba magani ba. Sharaɗinsu ɗaya ne: hatsin ya bushe ƙarau kafin a ɗaure. In da sauran danshi a jikinsa, ledar da ke hana iska shiga ita za ta hana danshin fita. Gwajin ma ba wuya. A sami busasshiyar kwalba, a zuba gishiri da masara kaɗan, a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsi shanya.

Na rubuta duk wannan a wasiƙar watan, cikin sakin layi shida. Shugaban ƙungiya ya duba, ya aje, ya cire tabarau.

"Ya yi kyau," ya ce. "Amma wa zai karanta?"

Na ji haushi. Shi ne ya kawo shawarar a mayar da shi waƙa, ya kira wani mawaƙi da ake ce wa Mai Jita, mutum mai fara'a da ke yi wa gidan rediyo waƙoƙin talla. Muka haɗu a ofishina, ɗakin da fanka ɗaya ke juyawa kamar an tilasta mata. Ya karanta takardar yana kaɗa ƙafa.

"Malam, baiti shida ke nan. Ba za a kawo maganar shanyar nan gaba ba? Ni a ganina ita ce kan magana."

"Kan magana shi ne makomar al'umma," na ce masa. "Sai mutum ya san dalili kafin ya karɓi umarni. Ka bi yadda na tsara, kada ka taɓa mini jeri."

Ya ɗaga kafaɗa, ya ce to. Bayan mako guda ya dawo ya rera mini baiti shida cif, na sa hannu, ya kai gidan rediyo.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Cikin sati biyu amshin waƙar ya cika gari: "Ɗaure bakin buhu, ɗaure, gobe na ciki." Direbobi suna sa ta a mota, masu wanki suna rera ta, matata ma da ba ta taɓa buɗe wasiƙata ba na ji ta tana yi a kicin. Buhunan da muka yi tsammanin za su shekara a sito suka ƙare a wata guda, aka sake kawo wasu, suka ƙare. Dubu tara muka raba.

Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. A wata na gaba na cika shafin kaf da sharhi kan tasirin waƙa. Na ce rubutu yana tsayawa a bakin ƙofa yana sallama, ita kuwa waƙa shiga take har ɗaka ba ta nemi izini ba. Na ce al'ummar da take son ta ci abinci nan gaba dole ta kula da abin da take sawa a bakin mawaƙanta, domin mutane suna aikata abin da suke rerawa. Na ji daɗin wannan jimlar ƙwarai, har na sa aka buga ta da manyan haruffa.

Duk lokacin da waƙar ta taso a rediyo nakan tsaya in saurari baiti na farko da na biyu, inda kalmomina suka fi fitowa, sannan in juya ga wanda ke kusa in gaya masa ni na rubuta. Na yi haka ya fi sau ɗari.

Wata huɗu bayan girbi Yaya ta kira ni. Ita ce babbarmu, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta tsaya har na yi karatu alhali ita ba ta yi ba. Mijinta ya rasu, tana noma gonarsa, tana ciyar da surukarta tsohuwa da jikoki uku. Buhu goma sha biyu ta samu a bara, abincinsu ke nan har wani girbin.

"Auta, in kana da sarari ka zo ka duba mini buhunan nan naka," ta ce. "Gani na yi sun kumbura. Ko haka suke yi?"

Na ce mata wataƙila zafi ne. Amma washegari na bi motar safe zuwa ƙauyensu.

Siton Yaya ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan gida, mai ƙofar kwano da taga ɗaya. Ta share shi tas, ta jera katako a ƙasa, ta ɗora buhunan a kai ba wanda ya taɓa bango, daidai yadda baiti na huɗu ya ce. Ɗaurin ma abin a nuna ne. Sai dai kowane buhu ya tashi ya yi tam.

Na kwance na farko. Ina buɗe leda ta ciki wani tsami ya buge ni, na ja baya na dafa bango. Masarar ta dunƙule ta zama curi guda, samanta fari da kore, da wasu baƙaƙen ɗigo. Na cusa hannu, na ji ɗumi. Na kwance na biyu, haka. Na uku, haka. A na biyar Yaya ta karɓi igiyar ta ci gaba da kwancewa da kanta. Sha biyun nan babu wanda ya tsira.

"Yaya, kwana nawa kika shanya?"

"Uku. Ina sussukewa na baza ta kwana uku, na ɗaure."

"Kwana uku? Kin yi gwajin gishiri?"

Ta dube ni. "Wane gishiri?"

"Na cikin kwalba. Ai yana cikin waƙar."

"Babu gishiri a waƙar nan, Auta. Na haddace ta kaf."

Na ce ta rera mini. Ta ɗan ji nauyi, amma ta tsaya a tsakiyar wannan ɗoyi ta fara, a hankali. Bakunan da za a ciyar, matasan da suka bar gona, ƙwarin da ke cinye wahalar shekara, katako a ƙasa, ɗaurin leda biyu. Ba ta kuskure kalma ɗaya ba. Ta yi amshi ta yi shiru.

"Ci gaba," na ce.

"Ai nan ta ƙare."

Na fita tsakar gida na kira Mai Jita. Ban ko gaishe shi ba.

"Ina baiti na shida?"

"Wane... au, na shanya? Malam, ai ba a taɓa sa shi ba. Minti biyu da rabi gidan rediyo ke ba talla, waƙarmu kuwa ta haura uku. Injiniyansu ya rage sauti a hankali bayan amshi na biyar. Haka suke yi, daga ƙarshe suke yankewa. Wadda ke yawo a wayoyi ma daga rediyon aka ɗauka."

"Kuma ba ka gaya mini ba?"

"Na ɗauka ka ji. Kowa ya ce kullum kana saurare."

Na so in zage shi, wallahi na so. Amma ta ina zan kama shi? Mutumin nan ya roƙe ni a kawo shanya gaba na hana. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina jin mai buga takarda yana gaya mini daga ƙasa ake yankewa, ni na ɗauki magana ɗaya tilo da ke tsakanin mutane da yunwa na aje ta a ƙasa. Kuma waƙar ta wuce ta kunnena sau ɗari ban taɓa bin ta har ƙarshe ba.

Sai a lokacin lissafin ya faɗo mini: buhu dubu tara. Na zauna a kan wani bokiti da aka kife. Na san akwai waɗanda suka shanya yadda suka saba, sun tsira. Amma akwai irin Yaya, ban san yawansu ba, kuma mafi yawansu ba su buɗe ba tukuna, domin waƙar ta ce kada a buɗe sai ranar buƙata.

"Malam, kana ji na?"

"Ka je yau ka ɗauki baiti na shida shi kaɗai," na ce. "Ka ƙara musu da cewa kowa ya buɗe buhu ɗaya ya duba. Kada ka sa komai a gabansa."

"Ko makomar al'umma?"

Ban sani ba ko zolaya yake yi. Na ce masa ko ita.

Na koma sito na tarar da Yaya a tsugune, tana marmashe curin da yatsu, tana ware ƙwayoyin da suka fi dama-dama a gefen tire. Na tsuguna kusa da ita. Abin da ke cina na kasa riƙe shi.

"Yaya, ke fa kika koya mini shanya. Sati biyu kike yi, kina ciza ƙwaya ki ji ta ce ƙas. Me ya sa bana kika bari?"

Ba ta ɗago ba. "An ce maganarka ce," ta ce. "Mata suka zo suka ce ƙaninki mai ilimi ne ya rubuta. Na saurara da kyau, na ji kun faɗi katako, kun faɗi igiya, ba ku faɗi shanya ba. Sai na ce ashe sabon buhu ba ya buƙata. Da wani ne ya faɗa da ban bi ba. Har maƙwabta na nuna wa yadda za su yi, gida shida."

Ba faɗa take yi ba, bayani take mini, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake.

Ta tura mini tiren. Ƙwayoyin da ta tsince ba su cika tafin hannu biyu ba.

"Kai ka sani, Auta. In na wanke na sake shanyawa, za a iya niƙa wa yaran?"

Na san amsar, domin na taɓa rubuta shafi guda a kanta. Hatsin da ya yi irin wannan hunhuna yana iya ɗaukar dafin da wanki ba ya cirewa, wuta ma ba ta kashe shi, kuma yara ya fi yi wa illa. Na ji bakina yana shirin fara mata daga nesa, yadda na saba, don in sassauta. Na haɗiye.

"A'a," na ce. "Ko kaji kada ki ba."

Ta dubi tiren. Sannan ta juye shi cikin buhun, ta miƙe tana dafa gwiwa.

"To kama mini, mu kai bayan gida mu binne kafin yaran su dawo daga makaranta. Ba na son Tsohuwa ma ta gani."

Na kama gindin buhu, ta kama baki. Yana da nauyi fiye da yadda masara take, muna ja muna hutawa. A buhu na huɗu, muna tsakiyar tsakar gida, na ji wani sauti ƙasa-ƙasa yana bin takunmu. Yaya ce ke rera amshin a maƙogwaro, ba ta ma san tana yi ba. Ta kai wajen "gobe na ciki" sai ta ji kanta. Ta yi shiru, ta gyara riƙonta, ta ce in ɗaga ɓangarena.