Muciyar Inna da Yatsa Uku

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu bai sake ni ba. Kwana arba'in ke nan da rasuwar Inna, gobe kuma zan hau jirgi in koma Jidda, inda nake aikin jinya. Ban samu jana'izarta ba, sai da ta kwana uku a ƙasa na iso. Cikin kayanta kaf, muciyarta kaɗai na roƙa. Sai ga shi ta fi akwatina tsawo da yatsa uku, ko a karkace na sa ta, masu jirgi kuwa sun ƙayyade girman akwati. Na yi wa yayana Sallau ƙorafi, na je na kwanta.

Sai na gan ni a filin jirgi, amma filin a tsakar gidanmu yake. Jirgin na ɗaure a turke yana cin dusa. Ana ruwa, sai dai daga ƙasa yake tashi yana komawa sama, kowa ya kifar da lemarsa ya tsaya a ciki. Ni ban ga abin mamaki ba. Na ja akwatina na bi layi.

Ma'aikaciyar wata jar akuya ce mai tabarau, ta sha lalle a kofato. Ta zaro tef ɗin awo daga bakinta.

"A nan ba ma auna nauyi, baiwar Allah," in ji ta. "Nauyi naki ne, ke za ki ɗauka. Mu tsawo muke dubawa. Wannan sandar da ta leƙo fa?"

"Sanda? Muciyar mahaifiyata ce!"

"Ta yi yawa da yatsa uku. Ta wane ɓangare za a rage?"

Ta ina kuwa? Ƙasan ya shekara arba'in yana tuƙa tuwon da ya raine mu. Mariƙin kuma akwai wani ɗan gurbi da babban yatsan Inna ya lotsa, ya yi baƙi, ya yi sulɓi. In na ɗora yatsana a ciki, wallahi sai in ji kamar hannunta na riƙe.

Na buɗe akwatin na fara watsar da kaya. Atamfofi, kilishi, ƙullin daddawa, kuka, har takalmana.

"Haba Hajiya akuya, ga shi na kwashe komai!"

"Ko akwatin kika cire daga cikin akwatin, tsawon na nan," ta faɗa, tana tauna tikitina.

Sai ga ni a cikin akwatin, ashe madafarmu ce. Inna na zaune a kujerarta 'yar tsugunno, tana tuƙa tuwo da hannunta tsirara, tururi na tashi.

"Inna, ba ki jin zafi?"

"Muciyata na wajenki, da me zan tuƙa?" Ba ta ɗago ba. "Ke dai Balaraba, tun kina yarinya ba ki zuwa da wuri. Sai an kwashe tuwo a gan ki."

"Kwana uku ne kawai na makara, Inna."

"To ai su ne suka leƙo waje, suka hana akwatin rufuwa."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, abin da ya fi cin raina ke nan. Na so ta zage ni. Sai ta goge hannu a zane, ta kama yatsana ta ɗora a gurbin.

"Nan ake riƙewa. In kika riƙe nan, ba zai yi gudaji ba."

Jirgin ya fara kuka yana fizgar igiya. Na sake ganina gaban akuya, ta ajiye tef ta ɗauko zarto. Na buɗe baki in ce a bar ni, na fasa tafiyar, na fasa aikin, amma murya ta ƙi fita. Hawayena suka riƙa tashi sama suna bin ruwan. Ta ɗora zarton a kan mariƙin: ƙurrr, ƙurrr, ƙurrr.

Na farka. Gari ya waye, ƙarar kuwa ba ta tsaya ba. Daga tsakar gida take zuwa.

Na fita ba ɗankwali, ba takalmi. Yaya Sallau na tsugune, yana hure garin katako daga muciyar, fuskarsa cike da fara'a.

"Kin tashi? Na gama miki matsalar. Ta wajen mariƙin na rage, dama can ya tsufa, ya yi baƙi."

Na durƙusa na ɗauki guntun daga ƙasa. Zarton ya bi ta tsakiyar gurbin yatsan Inna.

"Je ki gwada mana," in ji Yaya.

Na je na gwada. Ta shiga daidai, akwatin ya rufe.