Allurar Malam Bamalli

Hantsi ya ɗaga, ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, sai ɗigar indararo cikin bokiti. Malam Bamalli wanzami yana zaune a zaure, ya naɗe wando zuwa cinya, sirinji a hannu. Ya kai tsinin kusa da fata, ya janye. Ya sake kaiwa, ya sake janyewa.

Abin da ban mamaki. Mutumin nan ya yi wa yaran unguwarsu a Suleja kaciya, ya cire belu, ya kafa ƙaho, hannunsa bai taɓa rawa ba. Amma tun da likita ya ce ciwon suga ne, sai allurar insulin kullum safiya, bai taɓa yarda ya kalle ta tana shiga jikinsa ba. Matarsa Asama'u ce ta koya a asibiti. Ita ke ɗauko 'yar kwalbar daga jiƙaƙƙen yashin gindin randa, inda suke ajiye ta don sanyi. Sai ta durƙusa, ta kama labarin akuyar maƙwabta da ta cinye mata alayyafo, tana tsakiyar magana ta ce, "Tashi, Malam, an gama." Shi ko sanin lokacin ba ya yi.

To yanzu Asama'u tana Zariya. 'Yarsu Muhsina ta haihu da ƙyar, ta tafi yi mata wankan jego. Kafin ta hau mota ta so nuna masa yadda ake yi, ya ce, "Ni za ki koya wa ƙarfe?" Ta yi dariya ta tafi.

Tun ranar bai yi allurar ba. Shuwaka da sassaƙen maɗaci ya riƙa dafawa yana sha, a ganinsa ɗaci ai shi ne maganin zaƙi. Ƙishirwa ta ƙaru, fitsari ya hana shi zama, ido ya fara yi masa hazo. Ya san idan ya ba direban Zariya saƙo, gobe-gobe Asama'u za ta dawo. To wa za ta bar wa Muhsina? Ga gidan shiru. Turminta a kife, zanenta yana kan igiya, ruwa ya dake shi, ya bushe, ya sake dukansa, ya kasa cirewa.

Sai ga sallama. Jerome ne, mai kemis na bakin titi, ya zo aski. Bamalli ya yi wuf ya rufe sirinjin da bakin riga, amma an riga an gani.

"Baba, bakinka ya bushe kamar kilishi," in ji Jerome. "Yaushe rabonka da allura?"

"Ina shan magani."

"Na ɗaci, ko? Ba zai yi ba, Baba. Kai da ka yi wa yarona kaciya ko ƙifta ido ba ka yi ba!"

"Ai ba a jikina na yi ba."

Jerome ya yi dariya, ya karɓi sirinjin, ya ɗaga shi a haske ya duba awon, ya tsuguna. Bamalli ya runtse ido, ya riƙe gwiwa.

"Ka yi magana mana," ya ce. "Ita magana take yi."

"Me zan ce?"

"Ko mene ne."

Jerome ya sosa ƙeya. "To... a ina ka fara ganin Mama?"

"A Iku, ranar kasuwa. Tana sayar da tukwane, na taya wata tukunya, ta ce in ajiye, ba irin tawa ba ce. Kai! Na ji ta!"

"Ka mutu?"

Bamalli ya buɗe ido. Ɗan ɗigon jini ne, bai kai ƙwayar gero ba. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ita ba na jin tata," ya ce a hankali.

"Sai haƙuri, ni ba Mama ba ne. Ka ci abinci yanzu, anjima ka je asibiti su gwada ka. Askin a bari, wannan idon naka zai cire min kunne."

Ya miƙe, ya kaɗe wando. A bakin ƙofa ya juyo.

"Gobe war haka ina zuwa. Idan mutane sun tambaya, aski nake zuwa."

"Kullum? Wane gashi gare ka?"

Jerome ya tsallake kwata ya nufi titi. Bamalli ya sauke ƙafar wandonsa, ya tashi ya shiga gida neman kokon safe.