Tohon da Ke Ƙasan Tabo

Gonar ba wata babba ba ce, 'yan fangali ne a bakin wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa, can bayan Farin Gada. Amma ita mijina Fredrick ya bar mini da ya rasu, kuma da tumatir ɗinta nake ciyar da yarana. Sai ƙasar ta kamu da ciwo. Tumatir zai tashi kore shar, ya fara 'ya'ya, a wayi gari ya yi yaushi kamar an watsa masa ruwan zafi. Rani ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, ban kai ko kwandon kirki kasuwa ba.

Dangin mijina suka zauna a kaina. Baba Pwajok, wan mahaifin Fredrick, shi ne mai magana a gidan. Ya ce ƙasar gado ba a barinta tana zaman banza, in wannan ranin ma ban fitar da komai ba, za a ba wanda zai iya. Na ce na ji. To me zan ce?

Washegari sai ga Hezekiya, ƙanin mijina, yaron da na yi wa wankin kayan makaranta da hannuna. Gonarsa tana manne da tawa, kuma ya je ya koyo aurar da shuka.

"Maman Abigel, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Ciwon nan ta saiwa yake shiga. Ita kuwa saiwar gauta ko a jikinta. Zan yanke kan tumatir in ɗora a gindin gauta, sama ya ba ki tumatir, ƙasa ta tare ciwo. Zan yi nawa, in yi naki."

Na ga yana yin nasa da reza, yanka a karkace, ya haɗa, ya maƙala wata 'yar roba. Nawa kuwa ya ce a gida zai yi, inda akwai inuwa. Da ya kawo dashen, kowane ƙaramin kara da tabonsa, wurin haɗin ya warke tsaf. Wallahi har hawaye na yi. Na kama zakaran da nake ajiye wa Kirsimeti na ba shi.

Doka ɗaya ya kafa mini. Duk tohon da ya fito a ƙasan tabo, gauta ce ke son ƙwace shukar, in tsinke shi tun yana ɗan tsiro, kada in bari ya buɗe ganye. Ni kuwa uwar biyayya, kullum ina duƙe ina bin kara ɗaya-ɗaya da farce. Ko ɗaya bai tsira ba.

Nasa ya yi kauri, ya yi reshe, 'ya'ya har suna karya sanda. Nawa ya fara fure, sai yaushin nan ya dawo, yau wannan fangali, gobe na gaba. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, iri ɗaya. Na tambaye shi, ya dafa ƙugu yana girgiza kai, wai ko ruwa na cika yi musu. Na rage. Ya ce ko taki ne ya yi yawa. Na yi azumi, na kai roƙon addu'a coci, har na fara yarda cewa hannuna ne ba shi da albarka.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da 'yata Abigel, muka kwana biyu a asibiti, ban leƙa gona ba. Da na dawo, 'yan shukar da suka rage duk sun yi toho a gindi, ganye ya buɗe. Na duƙa zan tsinke, sai hannuna ya tsaya. Ganyen ƙasan tabo da na samansa duk ɗaya ne, mai tsaga-tsaga. Na murza na sansana. Tumatir ne. Na duba na gaba, na duba na gabansa, haka.

Na tsallaka gonar Hezekiya na yi ta ɗaga reshe, har na sami toho ɗaya da ya kuɓuce masa. Ganye mai faɗi, na gauta, wanda ko yaro ya sani.

A nan na zauna a ƙasa. Ashe yanke mini tumatir ya yi, ya mayar da kowane kai a kan gindinsa na tumatir, ya maƙala roba don tabo ya fito. Ya zauna ya yi wannan aikin ɗaya bayan ɗaya, da haƙuri, don kawai in ga tabo in yi godiya. Ni kuma na yi ta share masa sawu da farcena. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban yi ba ko ranar jana'izar Fredrick, don mutuwa ba ta ci zakarana ba.

Na tumɓuke nawa ɗaya, na tsinko tohon nasa, na nufi gidan Baba Pwajok. Na same shi a tsakar gida yana shan gwate, faten nan na acca. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye ganyen biyu a gabansa, na faɗa masa komai. Ban rage ko kalma ba. Na ce, "Baba, ba ƙasar ce ta ƙi ni ba. Ɗanka ne ya cuce ni. Ka kira shi."

Bai kalli ganyen ba. Ya ajiye cokali, ya goge baki.

"Firisila, 'yata, ba sai an kira shi ba," ya ce a hankali. "Ke yarinya ce, gobe wani zai aure ki, ƙasar ta bi ki wani gida. Da mun karɓa da baki, coci za ta ce mun kori gwauruwa da marayu. Shi ya sa muka ga gara gonar ta faɗa miki da kanta."

Na ce, "Kun sani ke nan."

"Ni na ce ya yi."

Ya ɗauki cokalinsa. Ya ce in na gama kwashe abin da ya rage, in janye injin ban ruwana kafin Lahadi, don Hezekiya zai fara gyaran fangali.