Ƙaho a Bayan Dalhatu

Da ƙyar Dalhatu ya tsallake ciwon numfashin nan na shekarar korona. Da asibiti suka sallamo shi ya dawo gida Madadi, matarsa Uwaliya ta ɗauki jinya. A cikin ƙwayoyinsa akwai wadda likita ya ce ta tsinka jini ce, don kada ya yi gudaji a huhu. Uwaliya kuwa ba ta wasa da umarni, ko barci yake sai ta tashe shi ya haɗiya.

Sai tabbai suka fara fito masa, baƙi-baƙi, a cinya da gadon baya, wuraren da ko bigewa bai yi ba. Ya kwanta lafiya, ya wayi gari da sabo. Abin ya tsorata ta ƙwarai, har dabara ta faɗo mata, irin dabarar da kan zo wa mai son mutum. Ai maganin ne ya narkar da mataccen jini ya taso da shi sama, saura a fitar. Ta aika aka kirawo Ɗan'auta wanzami.

Da hantsi Dalhatu ya kwanta rub da ciki a tabarma. Ɗan'auta ya tsattsaga masa baya da aska, ya kafa ƙahonni, ya tsotsa, ya toshe. Uwaliya na leƙe daga ƙofar ɗaki.

Ta sha ganin ƙaho. In aka cire, jinin kan faɗo a dunƙule kamar hanta. Wannan kuwa tsiyayowa ya yi kamar zoɓo. Wanzami ya goge tsagar, ta sake cika. Ya danna auduga, ta jiƙe. Kajin gidan suka matso suka tsaya suna kallo, ba mai ko tono.

"Wani magani yake sha?" in ji Ɗan'auta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na tsinka jini, Baba."

Tsohon ya danne bayan da tafukansa biyu, jinin na bi ta tsakanin yatsunsa. Uwaliya ta ƙwalla wa maƙwabta kira a nemo mota zuwa asibitin Gwarzo.

"Bar wahalar da mutane," in ji Dalhatu a hankali, har da murmushi. "Jikina ya yi sakayau, Allah Ya yi miki albarka. Amma yaya duhu ya yi haka, Uwaliya? Har an yi magariba ne?"