Reshen Sindiyan na Ƙofar Coci

Ranar da dattawan ƙauyenmu suka taru a gidanmu don yanke wa ƙanena Jiryis hukunci, ni aka bar wa girki. Tun safe na yanke yatsa wajen albasa.

Maganar reshe ce. Tun da sojoji suka sare dazukanmu lokacin yaƙi don hura wutar jirgin ƙasa, bishiyar sindiyan, wani ƙaton itace mai ƙwari, ɗaya tak ta rage a tsaunin nan, wadda ke ƙofar cocin Mar Ilyas. Ko ganyenta ba a tsinka. Mace in tana da buƙata wurin Allah, ƙyalle take ɗaura mata. Sai aka wayi gari, bayan an gama yankan inabi, an datse mata reshe da zarto, kaurinsa ya kai cinyar mutum.

Jiryis gawayi yake ƙonawa, don haka babu wanda ya wahalar da kansa neman shaida. Aka daina sayen gawayinsa. Matarsa ta koma zuwa ɗiban ruwa sai in babu kowa. Yanzu kuma Dahir, mai garinmu, so yake a kore shi da ƙananan 'ya'yansa kafin ƙanƙara ta rufe hanya.

Mijina Nakhle, wanda ake kira Abu Sarkis, shi ya ce a zauna a gidanmu, wai don ya sa baki. Abu Sarkis ke nan, ba ya ƙin a gan shi a tsakiyar magana. Ya yi dako a tashar jiragen ruwan Marsiliya, can ƙetaren teku, ya dawo mana da hula da surutu. Kullum raina arak ɗinmu, farar giyar inabi da muke yi, yake, wai a can giyarsu ja ce, itace ke ba ta ɗanɗano.

Ina shiga da zaitun da burodi na ji Dahir yana cewa, "Jiryis, ka faɗi gaskiya mu huta. Buhu nawa reshen ya ba ka?"

"Na rantse a gaban Abuna, na sake rantsuwa. Me kuma kuke so, in yanka kaina?"

Abuna Ni'matallah, limamin cocinmu, gemunsa kawai yake shafawa.

"A yi masa sassauci," in ji mijina. "Talauci ne. In ya sauka Zahle zai samu aiki, ni zan biya kuɗin alfadari." Ya juyo wurina. "Umm Sarkis, kawo mana arak. Tulun bakin ƙofa, kin ji ko? Na bakin ƙofa."

Na sauka ɗakin ajiya. Ni fa ba a nanata mini magana sau biyu ban yi tunani ba. Tulunan bana na jere, an toshe bakinsu da yumɓu, amma akwai ɗaya can ƙurya da aka lulluɓe da buhu. Na tuna wata rana na tarar da mijina yana gasa guntayen itace a kaskon burodina, ya ce ragowar wata ganga ce daga Bairut. Na ɗaga buhun, na buɗe tulun. Ƙanshi ya bugi hancina, na hayaƙi da zuma. Guntayen na kwance a ƙasa, giyar ta yi ja kamar shayi.

Ko a nan ban yarda ba. Sai da na sa hannu bayan tulun na jawo abin da ya rage na reshen, da ɓawonsa, da wani shuɗin ƙyalle ɗaure a jiki. Na san ƙyallen. Daga gefen rigata na yage shi shekarar da zazzaɓi ya kusa ɗauke ɗana Sarkis.

Na zauna a ƙasa. Wallahi tsoro ne ya fara kama ni kafin fushi. In na yi shiru, 'ya'yan Jiryis za su bi hanya cikin sanyi. In na yi magana, uban ɗana ne, kuma mu ba a sakin aure a wurinmu, da shi zan tsufa.

"Umm Sarkis, inabin kike matsewa ne?" ya kira daga sama. Aka yi 'yar dariya.

Na cika kwalba, na ɓoye guntun reshen a cikin zanen gabana, na hau.

Abuna na fara zuba wa, kamar yadda aka saba. Ya dubi kofin, ya ƙara ruwa. Arak in ya ji ruwa fari yake komawa kamar nono. Wannan kuwa jansa bai gushe ba. Abuna ya shinshina, ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Wane itace ne a ciki, Abu Sarkis?"

Mijina ya yi murmushi, amma kunnuwansa sun yi ja. "Guntun ganga ne, Abuna, daga Bairut na sayo. Matar nan ta rikita tuluna. Umm Sarkis, je ki sauya."

Kallon da ya yi mini ba na umarni ba ne, roƙo ne, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Na dubi Jiryis. Yana zaune a bakin ƙofa, hannayensa baƙi ƙirin a kan gwiwa, bai ma gane abin da ke faruwa ba.

Na fito da guntun reshen na ajiye a kan faranti, kusa da zaitun.

Dahir ya miƙe tsaye. Abuna ya ɗaga masa hannu, Dahir ya koma ya zauna.

"Reshe ɗaya ne fa," in ji mijina, murya ƙasa-ƙasa. "Ban zaci abin zai kai haka ba. Da zan faɗa."

"Yaushe?" in ji Jiryis. "Bayan ka biya alfadarin?"

Ba a kori kowa ba. Abuna ya sa Nakhle ya tsaya gaban jama'a ranar Lahadi ya faɗa da bakinsa, aka tuttular da tulun a gindin bishiyar. Jiryis ya ci gaba da sayar da gawayinsa.

Muna gida ɗaya da Abu Sarkis har yau. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. Amma ko ruwa na miƙa masa, sai ya ajiye kofin, ya tashi ya ɗebo da kansa.